Tambaya da Amsa: Shin goge ƙurar mota a wajen baje koli laifi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Kwanakin baya na kai 'ya'yana wani taron nuna motoci a Lekki, inda masu motocin alfarma da masu tsofaffin motoci suka jera su don jama'a su gani. Babban yarona ya ga ƙura a kan bonet ɗin wata baƙar mota, sai ya cire hularsa ya goge, da nufin kyautatawa. Mai motar ya taso masa da faɗa a gaban mutane, har yana cewa sai mun biya kuɗin fenti, ni kuwa na duba ban ga komai ba. Har yanzu abin yana ci mini rai. Wulaƙanci ne don an gan mu da manyan kaya, ko da gaske yaron ya yi ɓarna? Yaran suna roƙo mu je wani taron, amma ina tsoron a sake kunyata mu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka. Daka wa yaro tsawa a bainar jama'a bai dace ba, kuma ba zan kare wannan ba, domin mai hankali uban yaro yake nema ya yi masa magana. Abin da ke cikin zuciyar mutumin Allah ne ya sani. Sai dai a matsayina na mai fentin motoci ina tabbatar maka cewa da ɗan gwamna ne ya sa hula ya goge wannan bonet, ran mai motar zai ɓaci daidai yadda ya ɓaci a ranar, saboda yaron ya yi ɓarna, ko da yake ƙarama ce kuma ba da gangan ba.

Kafin ku koma, ka bambance tarurrukan iri biyu. Akwai na kamfanoni, kamar Lagos Motor Fair da aka saba yi a Victoria Island, ko rumfunan motoci a babban baje kolin da Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Legas ke shiryawa a Dandalin Tafawa Ɓalewa cikin watan Nuwamba. A can ciniki ake nema, don haka idan ka nemi izini ma'aikacin kamfani da kansa zai buɗe maka ƙofa ka zauna, ka riƙe sitiyari, ka tambayi farashi. Wanda kuka je kuwa na masu motoci ne, kowace mota dukiyar wani ce da ya fito da ita daga garejinsa, kuma buɗe ƙofarta ba tare da izini ba daidai yake da faɗawa gidan mutum babu sallama.

Abin da nake fama da shi kullum a wurin aiki shi ne tunanin cewa mota ƙarfe ce, taɓa ta ba ya rage ta da komai. Ƙarfen yana can ƙasa, hannunka ba ya ma kai wa gare shi. Abin da kake taɓawa a motocin zamani wani siririn shafe ne marar launi da ake fesawa a kan fenti don ya ba shi sheƙi ya kuma tsare shi daga rana, kuma kaurinsa yakan kasance wajen kashi 1 cikin 20 na milimita, wato bai kai kaurin silin gashi ba. Ƙurar da yaronka ya gani kuwa ba auduga ba ce. Akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, musamman lokacin hunturu da iska ke kwaso ta daga Sahara, kuma yashi ya fi gilashi tauri, balle fenti. Da ya ɗora hula ya ja, jan wannan yashin ya yi a kan shafen, ga kuma zaren ɗinkin hular mai kaushi yana taimakawa. Ba ka ga komai ba ne don kana tsaye a inuwa ko kana kallo daga sama. Da za a haska fitilar waya a karkace, ko a fitar da motar rana tsaka, za ka ga siraran layuka birjik suna walƙiya, kuma baƙin fenti ya fi kowane launi tona asirinsu. Wannan ne dalilin da ya sa mai motar ya gwammace ya bar ƙurarsa har ya koma gida ya fara kwarara mata ruwa kafin tsumma ya taɓa ta.

Ana gyara irin wannan, amma gyaran yana da tsada ta wata fuska da mutane ba sa lura. Goge karce da inji yana nufin a kankare shafen da ke kewaye da shi har ya yi daidai da zurfin karcen, don haka duk gogewa tana cinye wani abu daga kaurin da dama bai taka kara ya karya ba, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Idan fentin irin marar sheƙin nan ne da ake yayi, ba a ma goge shi, domin wurin zai yi ƙyalli ya bambanta da sauran jiki, sai dai a sake fesa ɓangaren gaba ɗaya. Tsofaffin motoci sun fi wannan hatsari. Wanda ya adana Peugeot 504 ɗin da aka harhaɗa a Kaduna, ko Volkswagen ɗin da aka harhaɗa a Ojo kan hanyar Badagry, masana'antun da suka fara aiki a 1975, idan har fentinta na asali ne to darajar motar a wannan fentin take, kuma babu mai fentin da zai iya mayar masa da shi in ya lalace.

Abin da ke ƙara ɓata mini rai shi ne masu ba da magani a banza. Da an ce an karce mota sai wani ya ce a shafa man goge baki, wani ya ce omo da soso, wani ma ya ce man burki. Man burki cinye fenti yake yi, yana tausasa shi har ya kumbura ya saɓule, kuma na sha ganin ƙofar da karcenta bai wuce a goge ba ta koma sai an kankare ta har ƙarfe saboda wannan shawara. Ga kuma masu yawo da injin goge mota a bakin titi, waɗanda ba su da abin auna kaurin fenti, suna danna inji a gefen ƙofa har zafi ya ƙone shafen ya kai ga launi. Sannan akwai jita-jitar cewa motar da aka yi wa shafen siramik ba ta karcewa, wadda wasu ke fakewa da ita su jingina da motar mutane don ɗaukar hoto. Wannan shafen ya fi na fentin siranta nesa ba kusa ba, amfaninsa sauƙaƙa wanki ne da hana datti kamawa, ba ya tare makulli ko ƙarfen bel.

Mu masu manyan kaya sai mun ƙara kula, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Zoben azurfa, agogo, carbi mai lilo a hannu, maɓallin jaka, duk suna gogar mota idan an bi ta tsakanin motoci biyu a matse. Ka naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ka bar tazarar taku ɗaya, ka mayar da hannuwa baya idan za ka sunkuya. A gaban buɗaɗɗen bonet kuwa maganar ta wuce fenti ta koma ta lafiyar jiki, domin fankar lagireto mai aiki da lantarki tana iya tashi da kanta ko an kashe injin, ta kama hannun riga ko bakin mayafi. Murfin lagireto mai zafi yana riƙe da ruwan da zafinsa kan haura digiri 100, salansa kuma tana daidai tsayin hannun ƙaramin yaro. A motoci masu lantarki, wayoyin nan masu launin ruwan lemo suna ɗauke da ƙarfin wuta da kan kai bolt 400, wasu ma 800. An buɗe bonet ne don ido kawai.

Sauran ladubban ba su da wahala. A gama cin tsire da shan zoɓo nesa da motoci, a riƙe hannun ƙananan yara, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mai mota, kuma a rufe lambar motar kafin a sa hoton a Facebook, domin ba kowa ke son a san abin da ya mallaka a garin nan ba. Kada ka tambayi mai mota nawa ya saya, ka tambaye shi shekarar ƙirarta ko yadda yake samun kayan gyaranta a kasuwar Ladipo, za ka ga ya saki jiki, wataƙila ma ya buɗe wa yaran ƙofa da hannunsa. Idan ana wasan juya mota ko an tashi fita, ku tsaya bayan shinge, kada ku bi masu tururuwa bakin kwana da waya suna zuga direba, domin motar da ta ƙwace can take nufa.

Idan tsautsayi ya sake faruwa, kada a goge wurin kuma kada a sulale, a kira mai motar a ba shi haƙuri, a ɗauki hoton wurin, a yarda wani mai fenti da ku duka kuka amince da shi ya duba. Ma'aunin da muke fara amfani da shi farce ne: idan an ja shi a hankali ya maƙale a cikin karcen, to ya yi zurfi kuma yana iya buƙatar feshi, idan kuwa ya wuce sumul, gogewa da inji ta wadatar. Hular yaro a kan ƙura da wuya ta yi karcen da ya wuce a goge, saboda haka abin da ya hau kanka a ranar shi ne ban haƙuri da kuɗin gogewa idan ya nema, ba kuɗin sake fentin bonet ba.