Tambaya da Amsa: In gyara tsohuwar DVD ɗina ko in sayi Blu-ray?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi sabuwar talabijin mai inci 50, amma da na haɗa ta da tsohuwar na'urar DVD ɗina sai hoto ya fito dishi-dishi. Wani lokaci kuma ta rubuta "No Disc" alhali faifan yana ciki. Yawancin faya-fayaina na fina-finan Hausa ne, da tafsiri, da na bikin aurenmu. An ba ni shawarar sayen Blu-ray. Zai magance matsalar? Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar fitar da kuɗinka, domin da irin faya-fayan da ka lissafa, Blu-ray ba za ta ƙara maka komai ba.

Ga dalili. Hoton faifan DVD ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, na VCD kuwa 352 da 288 kacal. Sabuwar talabijin irin taka yawanci tana da 1920 da 1080, in ta 4K ce 3840 da 2160. Dole ta ja ɗan ƙaramin hoton nan ta cika fuskarta da shi, kamar a ce an buɗa hoton fasfo ya kai girman kalanda. Blu-ray, wadda ta fito a 2006, tana ba da hoto tangaran ne idan an sa mata faifanta mai cin gigabait 25 ko 50, alhali DVD na yau da kullum 4.7 yake ci. Fina-finanmu na Hausa a VCD da DVD aka sayar da su. Waɗanda aka cusa fim goma a faifai guda kuwa, tun wajen ɗauka aka matse hotonsu, babu na'urar da za ta dawo da shi.

Fara da waya. Idan mai kai uku kake amfani da ita, rawaya da ja da fari, to rabin matsalar ke nan, saboda rawayar ita kaɗai ke ɗauke da hoton gaba ɗaya. Leƙa bayan na'urar: in akwai ramin HDMI (mai ɗaukar hoto da sauti a waya ɗaya), sayi wayarsa, sannan ka shiga saiti ka zaɓi 1080 da 16:9 don kada mutane su fito a baje. In babu, sabuwar DVD mai HDMI da wurin sa filash ta wadatar, kuma ta fi Blu-ray araha nesa ba kusa ba.

Batun "No Disc" kuma, a Jos ƙurar hunturu ce kan gaba. Zare na'urar daga wuta, kwance marfin, za ka ga ɗan idon gilashi a ƙarƙashin inda faifai ke zama. Ɗiga sifirit kaɗan a audugar goge kunne, shafa a hankali ba tare da dannawa ba, ka bari ya bushe minti biyar. Kada ka taɓa ɓangaren da wuta ke shiga, yakan riƙe caji ko bayan an zare. Idan bayan haka tana karanta CD amma ta ƙi DVD, hasken idon ne ya yi rauni, sai canji. In faifan ba ya juyawa sam, mai yiwuwa injin da ke juya shi ne. Ƙofar da ke ƙin fitowa kuwa ɗan bel ɗin roba ne ya saki, gyaran da bai taka kara ya karya ba. Mu a ganinmu, duk gyaran da ya kusa rabin kuɗin sabuwa bai cancanta ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne faifan bikin nan. Faifan da aka ɗauka a kwamfuta yana lalacewa da zafi da hasken rana ko ba a kalla ba. Kai shi a kwafe maka a filash biyu tun yana karantuwa, ka ajiye su wuri daban-daban.

TAMBAYA: Ɗana ya aiko mini da faya-fayai daga Ingila, na'urata ta ƙi su. Akwai wata Blu-ray ta hannu da aka yi mini tayi a kasuwar Taminus, in saya? Daga wata mai karatu, Bukuru.

AMSA: Hajiya, duba kwalin tukuna. Idan Blu-ray aka rubuta, na'urar DVD ba ta iya karanta shi ko kaɗan. Idan DVD ne, mai yiwuwa lambar yanki ce ta hana, wato lambar da ke sa na'urar wani yankin duniya ta ƙi faifan wani yankin: Ingila yanki na 2 ce, Najeriya na 5, Amurka na 1. A Blu-ray kuwa mu da Turai duk yankin B muke, Amurka A, don haka wadda aka kawo daga Turai ita ce daidai da faya-fayanki.

Kafin ki biya, a karanta miki takardar da ke bayanta. In an rubuta 120V kaɗai, ta Amurka ce, wutarmu ta 230 za ta ƙone ta nan take. Ki tabbatar talabijin ɗinki tana da HDMI, domin na'urorin Blu-ray na bayan 2013 ba sa zuwa da ramin rawayar waya. Da yawansu kuma ba sa karɓar VCD. Ki tafi da faifai ɗaya daga kowane iri a gwada a gabanki, har da remot, a bar shi ya yi minti goma yana aiki kafin a yi ciniki.