Filin Tambaya da Amsa: Idan Alƙali Ya Karkace, Wa Ake Kai wa Ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da shari'ar gona a wata babbar kotun jiha. Lauyoyi sun gama jawabin ƙarshe wata bakwai ke nan, babu hukunci, ga shi na ga abokin shari'armu yana shiga ofishin alƙalin shi kaɗai. Ina zan kai kukana? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko ka tabbatar da matakin alƙalin, domin nan yawancin koke ke ɓata hanya. Alƙalan babbar kotu, da kadi-kadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, har zuwa Kotun Ƙoli, duk suna ƙarƙashin Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, wadda Babban Jojin Najeriya ke shugabanta. Majistare kuwa, da alƙalin kotun Musulunci ta ƙasa, da rajistara, hukumar shari'a ta jiha ce ke ladabtar da su. Naka na NJC ne.

Ƙa'idojin ladabtarwa na 2017 sun ce a rubuta koken, a sa hannu, a haɗa shi da takardar rantsuwa da aka yi a kotu, a kuma shigar da shi cikin wata shida da faruwar abin. Ka sa lambar shari'ar, sunan kotun, ranar da aka gama jawabi, da sunan wanda zai iya tsayawa shaida. "An ce ya karɓi kuɗi" ba hujja ba ce. Ganin mutum ya shiga ofis ma bai kai hujjar toshiyar baki ba, sai dai a tambayi alƙalin dalilin ganawa da ɓangare ɗaya a bayan idon ɗayan, abin da ƙa'idar aikinsa ta hana.

Inda kake da ƙarfi shi ne jinkirin. Sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci bayan jawabin ƙarshe, kuma wannan kundin kotun da kansa zai nuna.

Kwamitin tantancewa ne zai fara duba takardar. In ya ga da ƙamshin gaskiya, a nemi alƙalin ya kare kansa, a kafa kwamitin bincike, ka zo ka ba da shaida lauyansa ya yi maka tambayoyi. Kada ka kai koken Facebook ko gidan rediyo. Manufar da NJC ta fitar a 2016 ta ba da damar dakatar da binciken da aka tallata.

Tambaya: Alƙali ya yanke mana hukuncin da kowa ya san zalunci ne. NJC za ta soke shi? Daga wata mai karatu a Gombe.

Amsa: A'a, Hajiya. NJC ba kotu ba ce, ba ta taɓa hukunci. Kuskuren fahimtar doka maganinsa ɗaukaka ƙara, kuma lokacinsa ƙayyadadde ne: wata uku a hukuncin ƙarshe na babbar kotu kan shari'ar da ba ta laifi ba. Kada ki tsaya jiran NJC lokacin ya kuɓuce miki.

Tambaya: Wai ana korar alƙali kuwa, ko dai kare ba ya cin kare? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Ana yi, ko da yake mutane da dama na ganin horon ya yi sauƙi, kuma ba su rasa hujja ba. Ana farawa daga takardar gargaɗi, hana ƙarin girma, dakatarwa ba albashi, zuwa ritayar dole ko kora. Waɗannan biyun na ƙarshe shawara NJC ke bayarwa, shugaban ƙasa ko gwamna ya zartar. A Nuwamban 2024 ta ba da shawarar yi wa Babbar Jojin Imo da Babban Kadin Yobe ritayar dole saboda sauya shekarun haihuwa, tare da mayar da albashin da suka ci bayan lokacin ritayarsu ya wuce. Gwamna kuma ba ya tsige babban joji da ƙuri'ar majalisa kaɗai. Kwara ta gwada haka a 2009, Kotun Ƙoli ta ce a 2012 sai an bi ta NJC tukuna.