Bam ya tashi da shi a Iraki, amma takardar sallamarsa ba ta ambaci raunin ba

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni 'yar Zariya ce, muna zaune a Houston da maigidana da yaranmu. Ya yi aikin sojan ƙasa na Amurka, direban babbar mota ne. A 2007 a Iraki bam ɗin da aka binne a gefen hanya ya tashi da motarsu. Ya ce ya suma na ɗan lokaci, da ya farfaɗo ya ga jini na fita ta kunnensa na hagu. Malamin jinyar rundunarsu ya duba shi, ya ba shi ƙwayoyi, aka hana shi fita aiki kwana uku. Ya bar soja a 2010. Har yau yana fama da ciwon kai da mantuwa, haske mai ƙarfi ma ba ya so. Abokinsa da suke mota ɗaya ya samu lambar Purple Heart, wadda ake ba sojan da abokan gaba suka raunata, domin ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa cinya, shi kuwa takardar sallamarsa ba ta ce komai ba. Ya ce ba zai nema ba tunda akwai waɗanda ba su dawo da rai ba. Lokaci bai ƙure ba? Kuma zan iya nema masa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya.

Lokaci bai ƙure ba. Purple Heart ta bambanta da sauran lambobin yabo na soja. Sauran sai wani babba ya ba da sunan mutum cikin ƙayyadadden lokaci, ita kuwa hakki ce: duk wanda ya cika sharuɗɗanta ya cancance ta, ko bayan shekara hamsin ya kawo hujjarsa. Tun 1932 ake bayar da ita a wannan siffar, asalinta kuma lambar da George Washington ya ƙirƙira a 1782. Sharuɗɗan uku ne a kundin dokokin rundunar mai lamba AR 600-8-22. Raunin ya zama abokan gaba ne sanadinsa, ya kai girman da ke buƙatar kulawar likitan soja, sannan an rubuta wannan kulawar a fayil na hukuma. Na farko ba zai ba ku wahala ba, bam na gefen hanya aikin abokan gaba ne. Inda aiki yake shi ne na biyu da na uku, kuma a nan nake so mu zauna sosai.

Abokinsa ya samu tasa ne domin rauninsa ido na gani. Jini ya zuba, an ciro ƙarfe, an ɗinke, takarda ta biyo baya. Na maigidanki a cikin kai yake. A 2007 sojan da bam ya jijjiga masa ƙwaƙwalwa, muddin yana iya tsayawa da ƙafafunsa, galibi maganin ciwon kai ake ba shi ya koma bakin aiki, shi ma kansa ba ya son a ce ya kasa. Sai a 2010 ma'aikatar tsaro ta wajabta a duba duk wanda ke tsakanin mita 50 da wurin fashewa, a kuma hutar da shi awa 24. A 2011 rundunar sojan ƙasa ta fayyace cewa buguwar ƙwaƙwalwa tana iya jawo wannan lamba, ta kuma buɗe ƙofa ga duk wanda abin ya same shi tun daga 11 ga Satumba 2001. Ma'aunin shi ne ko dai mutum ya suma, ko an hana shi cikakken aiki fiye da awa 48 saboda alamomin da suka ƙi tafiya. A labarinki na ji suma, na ji kwana uku, na kuma ji jini a kunne. Idan dodon kunnen ne ya fashe, wannan ma rauni ne mai zaman kansa da kundin ya amince da shi. Amma ki lura, raguwar ji kawai ko ƙarar da ke cikin kunne ba sa cikin abin da ake ba da lambar a kansu, haka ma ciwon firgici na bayan yaƙi da ake kira PTSD, komai tsananinsa. Kada ku gina buƙatarku a kan waɗannan.

Wata 'yar ƙofa da mutane da yawa ba su sani ba: ko da malamin jinya ne kawai ya duba shi, ba likita mai muƙamin hafsa ba, ana iya karɓa, in dai wani likitan soja ya rubuta a fayil cewa raunin ya kai a ce likita ne ya kula da shi da a ce akwai shi a wurin.

Don haka kafin ku cike kowane fom, ku nemo takardu. Ku nemi cikakken fayil ɗin aikinsa da na jinyarsa. Fom ɗin SF 180 shi ake amfani da shi wajen neman bayanan tsohon soja, babbar ma'ajiyar kuma tana St. Louis a jihar Missouri, ko da yake na waɗanda suka fita a shekarun nan yawanci yana cikin kwamfuta, na jinya kuwa sau da yawa yana hannun ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA. Idan fayil ya zo, kada kaurinsa ya tsorata ki. Ki zauna da shi shafi bayan shafi kina neman wata takarda mai suna SF 600, wadda ake rubuta ganin mara lafiya a kanta. Sau da yawa layi biyu ne da rubutun hannu mai wuyar karantawa: kwanan wata, ciwon kai da jiri bayan fashewa, hutun awa 72, sa hannu. Na sha ganin irin wannan 'yar takardar ta fi dogon bayanin lauya nauyi. Ki duba kuma tambayoyin lafiya da ake sa sojoji su cike idan sun dawo daga fagen daga, ko ya amsa cewa fashewa ta rutsa da shi. Idan yana da bajon Combat Action Badge, wanda ake ba sojan da ya yi arangama da abokan gaba ko suka kai masa hari, takardar da aka rubuta domin ba shi za ta iya ɗauke da ranar da wurin.

Sai ganau. Ana buƙatar rubutaccen bayanin mutum biyu aƙalla waɗanda suke wurin da idonsu, ba jiyau ba. Abokin nan nasa shi ne na farko, kuma takardar lambarsa da kanta tana tabbatar da cewa bam ya tashi a wannan rana a wannan mota. Idan za a samo malamin jinyar, ya fi kowa. Tsofaffin sojoji suna da zaurukan rundunoninsu a Facebook, a can ake yawan gano juna. Ku roƙe su kowa ya rubuta abin da ya gani da bakinsa: ina yake zaune a ayarin, wa ya ciro maigidanki daga mota, idonsa a rufe yake ko a buɗe, ya amsa da aka kira sunansa ko bai amsa ba. Bayani biyu masu kalmomi iri ɗaya sak suna sa mai karantawa zargin mutum ɗaya ne ya rubuta. Ki kuma buɗe tsohuwar jakarsa. Hoton da aka ɗauke shi da auduga a kunne, wasiƙar da ya aiko gida a makon, saƙon imel mai kwanan wata, duk suna da amfani.

A nan dole in ja kunne. Kada a ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya. Idan bai tabbatar da tsawon suman ba, ya ce bai sani ba. Yi wa hukumar tarayya ƙarya laifi ne da kan kai ɗaurin shekara 5, kuma dokar 2013 ta haramta da'awar wannan lamba da ƙarya don samun wani amfani. Ban da wannan ma, saɓani ɗaya tsakanin maganarsa da fayil ya isa ya rushe sauran gaskiyar.

Ƙofar farko ita ce sashen lambobin yabo na hedikwatar kula da ma'aikatan rundunar da ke Fort Knox a jihar Kentucky. Can za ku aika da taƙaitaccen labarin abin da ya faru a shafi ɗaya, bayanan ganau, takardun jinya, umarnin tura shi Iraki da kwafin takardar sallamarsa, DD 214. Kwafi za ku aika, na asali ya zauna a gida. Idan sun amince, za a ba shi lambar a kuma gyara takardar sallamar. Kada ku tsallake wannan mataki, domin hukumar da ke sama ba ta sauraron wanda bai fara bin ta ƙasa ba.

Idan sun ƙi, sai a tafi Hukumar Gyara Bayanan Soja ta rundunar ƙasa, ABCMR, da fom DD 149. Ba a biyan ko sisi. Majalisar dokoki ta samar da irin waɗannan hukumomi tun 1946, ikonsu kuma yana sashe na 1552 na kundi na 10 na dokokin Amurka: su gyara kuskure ko su kawar da rashin adalci. Fararen hula ne ke zama, aƙalla uku, kuma yawanci takarda kawai suke karantawa, ba sa ganin fuskar kowa. Dokar ta ce a nema cikin shekara 3 da gano kuskuren, amma ta ba su damar yafe jinkiri idan adalci ya buƙaci haka, saboda haka ku rubuta dalilin jinkirin a fili: bai san an fayyace ƙa'ida a 2011 ba, ga kuma ciwon da yake fama da shi. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, hukumar tana fara zama ne da ɗaukar cewa abin da ke cikin fayil daidai ne, ba ta fita bincike, nauyin kawo hujjar da ta rinjaya yana kanku. Doka ta ɗora mata kammala kashi 90 cikin 100 na buƙatu cikin wata 10, sauran cikin wata 18, don haka sai an yi haƙuri.

To idan aka duba fayil ɗin jinyar kaf babu komai fa? A nan shari'ar Haselwander take da amfani. Haselwander tsohon sojan Amurka ne da roka ta faɗa kusa da tantinsa a yaƙin Vietnam a 1969 ta ji masa rauni. Ana cikin yi masa magani aka kira shi ya je ya kula da karnukan soja da harin ya raunata, domin aikinsa ke nan, takardar jinyarsa kuwa ba a cike ta ba. Hukumar ta hana shi lambar da hujjar cewa babu rubutu a fayil, alhali ya kawo hotuna da shaidun abokan aikinsa. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta rushe wannan hukunci, domin rashin rubutun shi ne ainihin kuskuren da mutumin ya zo a gyara. Darasin da nake ɗauka daga nan a aikace: a fom ɗin DD 149 kada ku rubuta "a ba shi lamba" kawai. Ku nemi a gyara fayil ɗin jinyarsa ya nuna rauni da maganin da aka yi masa a ranar, sannan a ba shi lambar a kan wannan gyaran. Rundunar ma takan sake duba irin wannan: bayan harin makamai masu linzami na Iran a sansanin Al Asad da ke Iraki a Janairun 2020, sai a Disambar 2021 aka amince a ba ƙarin sojoji 39 lambar.

Idan hukumar ta ƙi, ana iya neman ta sake dubawa duk lokacin da aka samu sabuwar hujja, ko a kai ƙara kotun tarayya cikin shekara 6. Kotu ba ta sake auna shaidu daga farko, tana duba ne ko hukuncin ya yi hannun riga da hankali ko da hujjojin da ke gaban hukumar, shi ya sa duk abin da kuke da shi ku zuba shi tun a gaban hukumar.

Yanzu abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Ciwon kai, mantuwa, gudun haske, shekara da shekaru. Lambar ba ta zuwa da kuɗin wata-wata. Tana da amfaninta: tana sa shi a rukuni na 3 na masu fifiko a asibitocin VA ba tare da biyan kason kuɗin ganin likita ba, tana ba shi maki 10 na fifiko a neman aikin gwamnatin tarayya, da cikakken tallafin karatu na tsofaffin sojojin bayan 2001, kuma ana gaggauta duba buƙatunsa. Amma diyyar nakasa hanyarta daban, kuma ba ta jiran lambar. Idan bai taɓa nema ba, ya shigar da fom 21-0966 a wannan makon, wanda ke riƙe masa ranar fara lissafin diyyar har shekara guda kafin ya kammala cikakkiyar buƙata a fom 21-526EZ. Kowane wata da ya wuce, hakkin yaranku ne ke tafiya. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da American Legion da VFW suna da wakilai masu izini da ke taya cike waɗannan kyauta, ofishin ɗan majalisar wakilai na mazaɓarku ma yakan taimaka wajen bibiyar fayil da ya maƙale. Duk ranar da kika ga ƙuncin ya yi masa yawa har kina tsoron ya cutar da kansa, ki kira 988 ki danna 1, layin agajin gaggawa ne na tsofaffin sojojin da ke cikin irin wannan hali.

Game da ko za ki nema masa da kanki: a'a, muddin yana raye kuma cikin hankalinsa, shi zai sa hannu. Mata ko magaji suna sa hannu ne idan mutum ya rasu ko an tabbatar ba ya iya gudanar da al'amuransa. Kina iya tara takardu, ki nemo lambobin abokansa, ki tsara komai, amma alƙalamin nasa ne. Na fahimci nauyin da yake ji, na ji irin wannan magana daga bakin sojoji da dama, kuma ba na ganin dacewar a matsa masa. Ki bar zancen lamba tukuna. Ki ce masa kina so fayil ɗinsa ya faɗi abin da ya faru, domin likitan da zai duba shi nan da shekara ashirin, lokacin da mantuwar ta ƙaru, fayil ɗin zai karanta. Idan ya yarda da wannan kaɗai, ku fara da SF 180, sannan ki roƙi abokin nasa ya kira shi su yi maganar ranar su biyu.