Sunayen karatu na fitowa da alamar tambaya a waya

Tambaya: Malam, ina da shagon tura karatu da wa'azi a memori a Agege. Ƙanena ya haɗa mini 'yar manhaja da laburaren id3lib mai sa wa fayilolin MP3 suna. Amma duk inda aka rubuta ƙ ko ɗ, ko sunan sura da Larabci, sai alamar tambaya ta fito a wayar kwastoma. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, a bar zargin wayoyin mutane, ciwon yana cikin id3lib. Fitowarsa ta ƙarshe, 3.8.3, tun 2003 ce, kuma an san shi da lalata rubutun Unicode, wato tsarin da ke ɗaukar haruffan harsunan duniya a na'ura.

Sunan da waya ke nunawa yana zaune ne a wani ɗan sashe na fayil mai suna ID3. Na farkonsa, ID3v1 na 1996, bayit 128 ne kacal a ƙarshen fayil, gurbin suna kuma harafi 30. Tsarin Latin-1 da ya dogara da shi na harsunan Yammacin Turai ne: babu ɓ, ɗ, ƙ, babu Larabci, har ẹ da ṣ na maƙwabtanmu Yarabawa babu. Abin yana ci mini rai in ga an koma rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" don a lallaɓa na'ura.

Ka ce wa ƙanenka ya koma TagLib, wani laburare mai irin aikin id3lib. Kyauta ne, ana kula da shi, fitowa ta 2.0 ta zo a 2024, kuma bayan MP3 yana ɗaukar wasu nau'ikan fayil irin su FLAC da Ogg da MP4. Sai dai in ba a hana shi ba, sabon tsarin ID3, wato ID3v2.4, yake rubutawa, wanda wasu tsofaffin rediyoyin mota da ƙananan wayoyi ba sa ganewa. Tunda da yawan kwastomominka direbobi ne da 'yan acaɓa, ƙanenka ya umarci TagLib ya rubuta ID3v2.3 da UTF-16 (wani salon ajiye Unicode), ya goge tsohon ID3v1.

Kafin ya taɓa komai, a kwafe fayilolin gefe, a gwada goma tukuna a wayoyi daban-daban. Inda alamar tambaya ta riga ta shiga fayil, harafin ya tafi, sai an sake bugawa da hannu. In kuma ɗan akwati ka gani a gurbin harafi, sunan yana nan lafiya, wayar ce ba ta da siffar harafin.