Litiyam ɗin da nake nema ba ya shiga batir

Ƙanena, kai ne na huɗu a wannan watan da ka tambaye ni yadda za ka zo Sin ka yi irin karatuna. Ka ce ka ji ina "harkar litiyam". To, ba irin wanda ake haƙowa a Nasarawa ba ne. Nawa yana cikin taurari, ko sisi ba ya kawowa.

Ga abin da ya cinye mini shekara 5. Litiyam ba ya jure zafi, da an kai wajen digiri miliyan 2.5 ya ƙone. Tauraro irin rana idan ya tsufa sai ya kumbura ya yi ja, samansa da ƙasansa su riƙa juyawa kamar tukunyar kunu, ɗan litiyam ɗin da yake da shi ya salwanta. Haka lissafi ya ce. Amma tun 1982, da masana taurari Wallerstein da Sneden suka gano litiyam mai yawa a wani tsohon tauraro mai suna HD 112127, aka san akwai masu taurin kai, kusan 1 cikin 100, maƙil da shi.

Daga ina? Tun 1971 Cameron da Fowler suka nuna hanya: hiliyam ya haɗu ya zama beriliyam-7, a yi maza a ɗaga shi zuwa inda zafi ya ragu, can ya koma litiyam. Wa ke ɗagawar? Nan ake kai ruwa rana. Wasu sun ce tauraron ne ya haɗiye wata duniya da ke kewaya shi, wasu sun ce abokin tafiyarsa ne ke sa shi juyi da sauri, wasu kuma tashin wutar hiliyam a cibiyarsa suke zargi. Ni na fi karkata ga na ƙarshe, don akasarin taurarin nan masu litiyam sun riga sun wuce wannan mataki. Aikina shi ne duba ko iskar da ta lulluɓe su ita ma a hargitse take, ta layukan kalsiyam da na hiliyam a haskensu.

Kada ka zaci kallon sama za ka yi. Kwamfuta ce, dare da rana, kana tace miliyoyin bayanan hasken taurari na LAMOST, wani madubin hangen nesa da ke nan Sin, kana farautar wani ɗan siririn layi a nanomita 670.8, wanda shi ne alamar litiyam. Sau biyu ana watsi da takardar da na rubuta ta neman lokaci a wani babban madubin hangen nesa. A na uku aka ba ni dare biyu, hadari ya rufe duka biyun. Wallahi na yi hawaye, da gemuna. Duk da haka bincikena ya fito, sunana a farko, ba wanda ya yi mini alfarma. Inna kuwa har gobe tana tsoron kada a ce ɗanta ya zama ɗan duba.

Kada ka bari Baba ya sayar da gona saboda wannan. Ba tallafin karatu, ba tafiya. Turo mini sakamakonka na lissafi da fiziks. Idan kuma ba ka taɓa buɗe Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ba, sai bayan wata 6 ka sake nemana.