Ga ƙanena mai son sayar da adaidaita ya ɗauki mai caji

Assalamu alaikum jama'ar gida. Amsa ce ga wani ƙanena a sana'a da ya yi tambaya a wannan zauren jiya da daddare, wanda ya ce ya gama biyan kuɗin mashin ɗinsa amma mai na cinye masa ciniki, yana so ya sayar ya cika kuɗi ya ɗauki mai caji, wato adaidaita mai aiki da batir. Ya ce yayansa ya hana shi, wai yaudarar 'yan siyasa ce, abokinsa kuma yana ta zuga shi wai nan ba da jimawa ba za a daina sayar da fetur. Na bi amsoshin da aka ba ka, kusan duk faɗa ne tsakanin masu kare gwamnati da masu zaginta, kuma ban ga wanda ya taɓa riƙe kan mai caji a cikinsu ba. Ni na riƙe, har yau shi nake ja. Wallahi da na karanta tambayarka sai da jikina ya yi sanyi, don irin wannan lissafin na kwana ina yi a farkon 2024, lokacin da mutum zai wuni a titi ya dawo ya ga gidan mai ya fi iyalinsa cin guminsa.

Ba zan ce maka babu daɗi ba. Da farko har tausayin abokan sana'a nake ji. Ba layin gidan mai, ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba kuloci, ba zuwa wajen bakanike a wanke kafireta. Fasinja, musamman mata da dattawa, suna son sa saboda ba ƙara ba hayaƙi. Lissafin ma a fili yake: batir mai 72V da 100Ah yana ɗaukar yunit 7 da 'yan kai na wuta, kuma ko a layin Band A, na masu samun wuta fiye da kowa, da aka ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, cika shi bai kai kuɗin lita biyu ba a lokacin da fetur ya haura dubu. Wannan gaskiya ne, duk mai musu ya ɗauki biro. To amma lissafin ranar da akwai wuta ke nan, kuma ranar da batirin na gaske ne.

Ni dilan da ya sayar min, Allah ya isa tsakanina da shi. Ba zan kama suna ba don admin ya hana, kuma maganar ta riga ta je gaban manyan kasuwa. Mutumin nan ya dafa kafaɗata ya ce batirin litiyam ne sabo fil daga China, zai wuni da ni, in ya samu matsala cikin shekara in dawo da shi a canza min ba ko sisi. Da na nemi ya rubuta a rasit, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, tsakaninmu har sai an yi rubutu?" Har da rantsuwa. Dattijo ne fa, da furfurarsa da carbinsa.

Sai ga Oktoban 2024. Ba sai na tuna muku ba, kowa a nan ya ga duhun da Arewa ta shiga sama da mako guda, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ɗaya layin mai biyowa ta Binuwai ya samu. A watan ne kuma litar mai ta tsallake naira dubu. Wato lokacin da ya kamata in fi kowa dariya, lokacin na koma ɗan kallo. Masu fetur suna kuka amma suna fita, ni mashin yana zaure a kife. Na riƙa kai shi wurin wani mai cajin waya da ke da babban janareta, ya yanka min kuɗi son ransa, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma man yake saya. Ribar da nake taƙama da ita duk ta bi ta nan.

Bayan an dawo da wuta ne batirin ya fara nuna halinsa. Allo ya nuna rabi, ka ɗan taka hawa sai ya faɗo ƙasa gaba ɗaya. Ranar da ba zan manta ba, na ɗauko wata tsohuwa da 'yarta daga wajen Kurna za su asibiti, tsohuwar ko zama ba ta iya yi sosai, jingine take da 'yar. Ana tsakar rana muna hawa gada mashin ya ɗauke ɗif. Babu alama, babu gargaɗi. Ya fara silalowa baya, na danne birki, motoci a bayana suna ta oda, wani mai tifa yana zagina ta uwa ta uba. 'Yar ta fashe da kuka tana cewa, "Bawan Allah ka rufa mana asiri." Na sauko ina turawa ni kaɗai, zufa har cikin ido. Abin da ya fi ƙona min rai, 'yan'uwana 'yan sahu ne ke wucewa suna leƙowa, wannan ya ce a kawo maka fawa banki, wancan ya ce Malam a jona maka cazar waya. Wataƙila ma wasu suna cikin gidan nan suna karantawa, na yafe, amma na ji ciwo. Wani yaro mai sayar da ruwa ne ya ajiye robarsa ya kama min muka kai gefe. Na tare musu wani mashin na biya kuɗin da kaina, tsohuwar tana sa min albarka ni kuma kunya ta hana ni ɗaga kai. Har gida na tura shi. Ban iya cin abinci ba daren nan.

Washegari na kai wa wani yaro mai haɗa sola ya buɗe akwatin batirin a gabana. Ƙwayoyin ciki kala-kala, wasu an kankare lambarsu, wasu sun kumbura, an yi musu walda an mayar cikin sabon akwati mai sheƙi. Tsofaffi ne da aka ciro daga wani wuri. Na kwashi hotuna na nufi shagon dila. Ya ce ai ni na kashe shi da na yi caji da janareta. Na ce cazar da ka ba ni ce, kuma janareta ne ya kankare lambar? Sai ya koma wai ogansa ya yi tafiya China. Na dawo, wai kwantena tana Legas. Na sake dawowa, yaransa suka ce ya tafi ɗaurin aure, alhali ga takalminsa a bakin ofis. Daga baya ya daina ɗaga wayata. A gaban manyan kasuwa kuwa mutumin nan ya dubi idona ya ce shi bai taɓa yi min alƙawarin shekara ba, ina takarda? Ƙarshenta sulhun da aka yi, ya rage min wani abu a kan sabon batir, ragowar sai da uwargida ta sayar da 'yan kunnenta na aure. Har yau in na tuna fuskarta ranar da ta miƙo min su tana cewa ba komai, sai in ji kamar in koma shagon. Kuma yana nan yana sayar wa mutane, shi ya sa nake wannan dogon rubutun.

Don haka ƙanena, sayen mai caji ba tare da an buɗe batir ba sayen kifi a ruwa ne. Batirin shi ne mashin, sauran ƙarfe ne da roba. Ka je da wanda ya san aikin sola, ba bakaniken inji ba, a buɗe a gabanka. Ka tambaya ko irin litiyam ɗin da ake kira LFP ne, shi ya fi jure zafi da yawan caji. Irin mai dalma, dangin na mota da inbata, araha ne amma nauyi gare shi kuma a aikin haya ba ya daɗewa. Garanti a rubuce, da hatimi, da lambar batirin a jiki. In ya ce tsakaninku ba sai an rubuta ba, ɗauki hularka.

Maganar yayanka kuwa, ka gaishe shi, yana da rabin gaskiya. 'Yan siyasa suna son abin da za a yanka kintinkiri a ɗauki hoto. Tun da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi ranar 29 ga Mayun 2023 ake mana waƙar motocin gas (CNG) da na lantarki, an ma cire wa motocin lantarki harajin VAT a 2024, amma a shekarar da aka cire tallafin 'yan majalisar tarayya manyan jif masu shan mai suka saya wa kansu. Ka taɓa ganin ayarin wani babba ya tsaya caji? Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, a ce kowa ya koma caji, da wace wutar? Sai dai in ya ce abin gaba ɗaya ƙarya ne, ko makircin Turawa ne don a kashe mana kasuwar mai, nan ban bi shi ba. Norway mai take haƙowa tana sayarwa, amma a 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a can na lantarki ne. Kuma ɗanmu ne Jelani Aliyu na Sakkwato ya zana motar nan mai caji Chevrolet Volt a Amurka, da ya riƙe hukumar ƙera motoci ta ƙasa har tashar caji mai sola aka buɗe a Jami'ar Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya daɗe yana mayar da ƙananan bas na fetur zuwa na batir, gwamnatin Zulum ma ta zuba motocin haya na lantarki a gari. Mutanen da aka yanke musu wuta tun 2021 suka yi kusan shekara biyu a duhu, su suka riga mu. Abin a yi tunani ne.

Shi kuma abokinka mai cewa za a hana fetur, ka ce ya kwantar da hankalinsa. Waɗanda suka fara maganar ma suna ta jan ƙafa. A Amurka Biden ya ba da rangwamen haraji har dala 7,500 ga mai sayen motar lantarki, Trump ya dawo ya soke, ya ƙare a ƙarshen Satumban 2025. Tarayyar Turai ta sa 2035 a matsayin shekarar daina sayar da sababbin motocin fetur da dizal, Jamus da Italiya suka yi ta matsa lamba a sassauta. Kuma in ka duba, faɗansu na masana'antu ne da ƙuri'un ma'aikata da tsoron motocin China irin su BYD masu araha, shi ya sa Amurka ta lafta musu harajin kashi 100. Ba ruwansu da balas ɗinka. Habasha ce a nan Afirka ta hana shigo da motocin fetur a 2024, ita kuma ba ta da mai, dala take ƙonawa wajen sayo shi, ga katafaren dam ta gina a kan kogin Nilu mai ba da sama da megawat dubu biyar. Mu da aka gina matatar Ɗangote jiya-jiya, wa zai hana fetur?

Na yi nisa, bari in dawo. Kada ka sayar da mashin ɗinka tukuna. Wannan ita ce shawarata ta zuciya. Mashin da ka gama biya, wanda kowane bakanike ya san cikinsa, kayansa kuma ko'ina akwai a Ƙofar Ruwa, ba abin saki ba ne da gaggawa. Na caji in kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar batir, ta ƙone, kana iya zaman jiran kaya daga Legas. In akwai hali ka ba wani amintacce na fetur ɗin yana kawo maka balas, kai ka ja mai cajin. In babu hali, ka nemi wanda zai ba ka haya ka gwada a hanyar da ka saba bi, da irin lodin da ka saba ɗauka. Nisan da suke rubutawa a takarda da mutum ɗaya aka auna a shimfiɗaɗɗen titi. In kai mai ɗaukar buhuna ne daga Dawanau ko katan-katan daga Singa, ka manta da wannan lambar.

Masu cewa ka sa sola kawai, su ma ba su yi sana'ar ba. Rana tana sama lokacin da kake titi, in ka dawo gida ta faɗi. Sai dai batir biyu, ɗaya yana gida yana sha ɗaya yana aiki, ko wurin da ake musanya batir, kuma kuɗin na biyun ba wasa ba ne. Ni yanzu da azahar nake dawowa in jona in yi sallah in ɗan kishingiɗa, in sake fita bayan la'asar. Af, kada ka jona shi da zarar ka tsaya, musamman a zafin Maris da Afrilu, bar shi ya huce a inuwa. Kada ka yi caji a ɗakin da yara ke kwana, kada ka bar shi a jone ka yi barci in ba ka yarda da cazar ba, wutar litiyam in ta kama ba a kashe ta da bokiti ɗaya. Da damina ka guji kududdufin da ya kai gindin mashin. Sannan ka saba da danna oda, don mutane ba sa jin zuwanka, na sha kusan ɗaukar almajirai a lungu.

Har yanzu yaron nan mai sola shi ke duba min batir lokaci-lokaci, yana da na'urar da ke nuna ƙarfin kowace ƙwaya, kuma ba ya tsawwalawa. Ka faɗa min unguwar da kake da awa nawa kuke samun wuta a rana, da hanyar da ka fi bi, in ga ko lissafin zai fitar da kai. In ka tashi zuwa duba mashin ka yi min magana ta akwatin saƙo, in dai ba ranar Juma'a ba ce zan raka ka, in nuna maka shagon da ba za ka taka ba.