Ki raba aikin tun kafin ya kayar da ke

'Yar'uwa, kin ce tun da aka zaɓe ki shugabar reshen ƙungiyar ɗalibai mata a jami'arku ta Amurka, barci ya ƙaurace miki, karatu yana ja baya. Wallahi na tausaya miki. Amma irin waɗannan ƙungiyoyi, kamar Alpha Kappa Alpha da aka kafa a Jami'ar Howard a 1908, ba kan mutum ɗaya aka ɗora su ba. Akwai mataimakiya da ma'aji, ga tsohuwar mamba mai ba reshe shawara. Ki same ta makon nan, ki gaya mata kin gaji. Karɓar kuɗin mambobi kuwa ki bar wa ma'aji, kuma don Allah kada ki bi bayanta kina gyarawa. In rashin barcin ya ci gaba, ki je asibitin jami'a.